Mudun Awon Ciwo

  Yau tarihi za mu taɓa, amma ba na sarakuna da yaƙe-yaƙe ba. Tarihin wata tambaya ce guda ɗaya wadda ta sha kan likitocin duniya shekara da shekaru, wato yaya za a yi a auna ciwo?

Duk wadda ta taɓa zuwa awon ciki ta san sikeli, ta san abin da ake ɗaura mata a damtse a ga hawan jini, ta san tsinken auna zafin jiki. Waɗannan duk ba ruwansu da bakinki, ko kin yi gum za su faɗi abin da suka gani. To amma ciwo fa? Ciwon bayan nan da ya shekara uku yana cin uwargida, ciwon mara, sanyin ƙashi, zogin mai sikila, har yau ɗin nan babu wata na'ura a asibiti da za a ɗora wa mutum ta ce ga yawan abin da yake ji. Hoton ƙashi ma ba ya raba gardama. Sai a ɗauki hoton bayan wata a ga ba wani abin a zo a gani, alhali ko ruku'u ba ta iyawa; wata kuma hoton ya nuna ƙashi ya zaizaye, amma tana can tana dakanta.

Ba wai ba a gwada ƙera na'urar ba. An gwada. A shekarar 1940, a Jami'ar Cornell da ke Amurka, wasu masana su uku, James Hardy da Harold Wolff da wata mace mai suna Helen Goodell, suka haɗa wani abu da ƙwan lantarki mai ƙarfi da gilashi mai tara haske wuri guda. Sai su shafa wa mutum baƙar tawada a goshi, su haska wurin na daƙiƙa uku, su riƙa ƙara zafin har ya ce ya ji ciwo. Daga baya suka yi wa ciwon ma'auni kamar yadda ake cewa kilo ko yadi, suka sa masa suna "dol", daga kalmar ciwo a harshen Latin. Ma'aunin ya fara daga sifiri ya tsaya a 10 da rabi, wai nan ne iyakar abin da ɗan Adam ke iya ji.

Sai suka ce bari su auna naƙuda. A binciken da aka buga a 1949, mata 13 ne masu naƙuda aka yi wa gwajin. Da zarar mara ta murɗa ta saki, sai a haska wa mace zafin nan a hannu, a ce ta faɗi ko ya kai abin da ta ji yanzun nan ko bai kai ba. Ki dubi wannan al'amari, mace tana fama da kanta, ana kuma gasa mata hannu. Ɗaya daga cikinsu ta kai har ƙarshen ma'aunin, hannunta ya ƙone ya yi bororo. Kuma duk da wannan wahala na'urar ba ta yi tsawon rai ba. Da wasu masana a wasu wurare suka gwada, ba su riƙa samun sakamako iri ɗaya ba. Bayan haka ma, in kin lura, na'urar ba ita ke auna ciwon ba, sai ta jira matar ta buɗe baki ta ce ya kai ko bai kai ba.

Wanda ya fi kowa rusa wannan hanya shi ne Henry Beecher, likitan allurar barci daga Jami'ar Harvard, wanda ya yi aiki da sojojin Amurka a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya tambayi sojoji 215 da suka ji munanan raunuka, masu karaya da waɗanda harsashi ya huda wa ƙirji ko ciki, ko suna son allurar kashe ciwo. A rahotonsa na 1946, kusan kashi uku cikin huɗu ba su nema ba. Shi kuwa ya san a asibitin gida mai rauni irin wannan roƙon allura yake yi. Fassarar da Beecher ya yi wa abin ita ce, ga soja rauni na nufin ya tsira da ransa, za a fitar da shi daga bakin daga; ga mutumin gari kuwa rauni masifa ce ta faɗo masa, ga asarar aiki ga kuɗin magani. Ke nan girman rauni daban, girman ciwo daban, kuma abin da ke zuciyar mutum yana shiga cikin abin da jikinsa ke ji. Ƙwan lantarki ba zai gano wannan ba.

To in na'ura ta kasa, me ya rage? Bakin mai ciwo. A 1968 wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Margo McCaffery, ta kafa ƙa'idar da har yau ake koya wa ɗaliban jinya: abin da mai ciwo ya ce yana ji, shi ne ciwonsa, kuma lokacin da ya ce yana jin sa, to yana nan. A kunnenmu magana ce mai sauƙi. A zamanin kuwa ba ƙaramar magana ba ce, don likita ne ke yanke hukuncin wanda ke jin ciwo da wanda ke raki.

Sai dai "ina jin ciwo" ba ta ishi likita aiki ba. Nan ne tarihin ya biyo ta kan wata tsohuwa. Wajen tsakiyar shekarun 1950 wani matashi ɗan Kanada, Ronald Melzack, masanin halayyar ɗan Adam, yana koyon aiki a wani asibitin masu ciwo a jihar Oregon ta Amurka. A cikin masu zuwa akwai wata dattijuwa mai ciwon sukari da aka yanke wa ƙafafu duka biyu. Ƙafafun babu su, amma tana jin ciwo a cikinsu, abin da ke faruwa ga da yawa daga waɗanda aka yanke wa gaɓa. Matar nan Allah ya ba ta iya bayani. Ba ta tsaya ga "yana ciwo" ba, sai ta ce yau ƙuna yake, jiya harbawa yake, wani lokaci ɗaurewa yake. Melzack ya fara rubuta kalmominta, ya ci gaba da tara na wasu majinyata. Daga baya ya haɗu da wani gwanin lissafi, Warren Torgerson, suka jera kalmomi 102, suka kasa su gida-gida, suka ba likitoci da ɗalibai da majinyata suka ce kowa ya jera su daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Abin mamaki, jerin mutanen nan ya zo kusan ɗaya. Suka buga wannan a 1971. A 1975 kuma Melzack, yana Jami'ar McGill a birnin Montreal, ya fitar da takardar tambayoyi mai kalmomi 78 a gida 20, wadda aka sani da sunan jami'ar. Mai ciwo za ta zaɓi kalmomin da suka dace da abin da take ji, kowace kalma da makinta, sai a tara.

Mu Hausawa ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zogi daban, raɗaɗi daban. Kai sarawa yake, ciki murɗawa yake, haƙarƙari suka yake, ƙafa sagewa take, jiki kuma ya yi tsami. Ungozoma ta ƙwarai tana jin kalmar da mai ciki ta faɗa ta san ko lokaci ya yi ko da saura. Abin da Melzack ya ƙara shi ne ya mai da kalmomin lissafi, ya kuma nuna suna ɗauke da labarin cutar. A 1976 shi da wani abokin aikinsa suka ba kwamfuta kalmomin da majinyata 95 suka zaɓa, masu ciwo iri takwas. Ta gano cutar daidai a kashi 77 cikin 100.

Shi ma ya auna naƙuda, amma bai ƙona kowa ba, tambaya kawai ya yi. A 1981 ya ba mata 141 takardar nan suna kan naƙuda, 87 daga cikinsu haihuwar fari. Da aka kwatanta da makin wasu ciwuka, naƙuda ta ɗara ciwon haƙori, ta ɗara ciwon baya, ta ɗara matsakaicin makin masu ciwon daji, musamman ga mai haihuwar fari. Ƙalilan ne suka wuce ta, irin su yankewar ɗan yatsa. Don haka yarinyar da ta cije ta haihu a ɗakin uwarta ba a ji ko tarinta ba, kada a ce ai ba ta ji komai ba. Dauriya ce da kunya, ciwon yana nan yadda yake.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kowa ma na iya rubuta tambayoyi a takarda. Yaya za a san takardar abin dogaro ce? A nan ina ganin uwargida mai awo a cikin gida ta fi ɗalibin jami'a saurin ganewa. Mudun kirki abu biyu ake nema a wurinsa. Na farko ya tsaya kan magana ɗaya: in kin auna gero yanzu, kika juye kika sake aunawa, ya ba ki abin da ya ba ki ɗazu. Na biyu ya zama cikakken mudu ne. Mudun da aka buga wa gindi ai shi ma ba ya sauya magana, kullum abu ɗaya yake bayarwa, amma kullum a tauye. Haka takardar tambayoyi take. Tana iya tsayawa kan magana ɗaya amma ba abin da aka aike ta take aunawa ba.

Gwajin farko shi ne a ba mutane takardar yau, a sake ba su ita bayan 'yan kwanaki, a ga ko amsoshin sun yi daidai. Ana fitar da maki tsakanin sifiri da 1. In ya kai 1 to babu bambanci ko kaɗan. Masana galibi ba sa sakin jiki da abin da ya gaza 0.7. Amma akwai tarko a ciki. Gero ba ya ƙaruwa a cikin kwano, ciwo kuwa yau ya tashi gobe ya lafa. In an sake tambayar da wuri, mace na iya tuna amsarta ta jiya ta maimaita. In an daɗe, wataƙila ciwon ne ya sauya, a ɗora wa takarda laifi. Shi ya sa aka fi barin kwana kaɗan zuwa mako biyu, kuma a fara tambayar mai ciwon ko jikin ya sauya tun zuwanta na baya. Akwai kuma wani lissafi da Lee Cronbach ya fitar a 1951, mai duba ko tambayoyin cikin takarda ɗaya bakinsu ɗaya ne, ko kuwa wata ta yi gabas wata ta yi yamma.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Burazil, aka buga a 1990, shi ne na fi so ku riƙe, don ya shafe mu kai tsaye. Hanyar da likitoci suka fi yayi a lokacin ita ce a ja layi mai tsawon santimita 10 a takarda, wannan bakin babu ciwo, wancan bakin ciwo mafi tsanani, a ba mai ciwo biro ta yi alama inda nata yake, likita ya sa rula ya auna. Sai Marcos Ferraz da abokan aikinsa suka gwada ta a kan masu amosanin gaɓɓai su 91, a cikinsu 25 ba su iya karatu da rubutu ba. An tambaye su sau biyu, kafin su ga likita da bayan sun fito. Ga masu karatu layin ya samu maki 0.94, ga marasa karatu ya faɗo 0.71. Amma da aka ce su faɗi lamba daga sifiri zuwa 10, masu karatu suka samu 0.96, marasa karatu 0.95. Kin ga ashe ba mutanen ne ba su san ciwonsu ba. Layin ne da biron suka zame musu baƙi. Wadda ba ta taɓa shiga aji ba ai ta san bakwai ta fi huɗu, ita ke lissafin kuɗin ƙuli-ƙuli da zubin adashe ba ta ɓata ko kwabo.

Ƙananan yara kuwa ba layi ba lamba. A farkon shekarun 1980, a wani asibiti a garin Tulsa na Amurka, Donna Wong da Connie Baker, masu kula da yaran da suka ƙone, suka shirya zanen fuskoki shida, daga mai murmushi zuwa mai hawaye, yaro ya nuna wadda ta yi kama da abin da yake ji. Ta yi amfani ƙwarai, har yau ana ganin ta manne a bangon asibitoci. Amma da aka gwada ta sai aka ga wani aibi. Yaron da ba ya jin ciwo amma tsoron asibiti ya hana shi murmushi ba zai nuna fuskar farko ba. Wanda kuma aka horar cewa namiji ba ya kuka zai ƙi nuna ta ƙarshe ko da ciwon ya kai. Saboda haka a 2001 wasu masana suka fitar da wasu fuskoki shida da babu murmushi babu hawaye, sai yamutsewa kawai.

Duk wannan awon ciwon da ake ciki ne. Daga baya sai wata tambayar ta taso game da ciwo mai daɗewa, wato wanda ya wuce wata uku, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Me ya sa wata rauninta ya warke tuntuni amma ciwon bai tafi ba? Me ya sa wata ko zane ya goge ta sai ta zabura? A 1983 Clifford Woolf, yana aiki a Landan, ya nuna a jikin ɓeraye cewa in ciwo ya yi ta bugun jijiyoyi, lakar da ke cikin ƙashin baya kan sauya, ta riƙa ƙara wa saƙo ƙarfi kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Kamar rediyon nan da ke gabanki ne a ƙure masa murya, maɓallin kuma ya maƙale. Mai magana a tasha bai ɗaga murya ba, amma gidan duk ya cika da ƙara. Mai irin wannan ba raki take ba, ba kuma ƙarya take ba, jikinta ne ya koyi jin ciwo fiye da kima.

Ana iya gwada wannan a ɗakin bincike da ƙarfe mai zafi, da ruwan ƙanƙara, da abin dannawa. Amma kayan na da tsada, suna cin lokaci, kuma ba kowa ke son a gasa shi ba. Sai aka koma neman takardar da za ta yi aikin. A 2009 wata likita a Jamus, Ruth Ruscheweyh, ta fitar da tambayoyi 17. Ba a tambayar ki ciwon da ke damun ki, sai a ce ki ƙaddara: kin buge ƙwauri a gefen tebur, kin ƙona harshe da abin sha mai zafi, ruwan lemun tsami ya shiga ƙaramin yanka a yatsanki, kin ɗauki tukunya ba ki san hannunta ya yi zafi ba. Kowanne ki ba shi lamba daga sifiri zuwa 10. A cikin 17 ɗin an saka uku da ba na ciwo ba ne, kamar wanka da ruwa mai ɗumi, don su zama abin kwatance. Ba ta tsaya ga sake tambaya ba, sai da ta kai mutane ɗakin bincike aka gwada su da zafi da sanyi da tsini na gaske. Sakamakon ya rabu biyu. Takardar ta yi daidai gwargwado da yadda mutum ke jin tsananin ciwo in ya same shi, amma ba ta ce komai ba game da daidai inda zafi ke fara zame masa ciwo. A 2012 aka gwada ta a kan masu ciwo mai daɗewa, makinsu ya ɗara na masu lafiya. Ni dai wannan aiki ya burge ni, don mai shi ta faɗi abin da mudunta ke aunawa, ta kuma faɗi abin da ba ya aunawa.

A 2012 ɗin dai wasu likitoci a jihar Texas ta Amurka suka fitar da tasu mai tambayoyi 25, don gano masu wannan ƙurarriyar murya. Tana tambaya ko kina tashi daga barci a gajiye, ko haske na damun idonki, ko ƙamshin turare na sa ki jiri, ko kina yawan mantuwa, ko kina cizon haƙora. Maki daga sifiri zuwa 100 ne, aka ja layi a 40. A gwajin sake tambaya ta samu sama da 0.8, ta ci jarrabawa ke nan, aka fassara ta zuwa harsuna da dama. Amma da shekaru suka tafi, masana suka tattara binciken da aka yi ta yi da ita, suka buga a 2023. Sai ga shi makinta ya fi tafiya tare da damuwa da fargaba da ƙuncin rai, dangantakarsa da gwajin jiki na ɗakin bincike kuwa 'yar kaɗan ce. Ba a ce ba ta da amfani ba, don damuwa ma abin a sani ce ga mai jinya, kuma Beecher ya riga ya nuna tana shiga cikin ciwo. Sai dai an aiki mudu awon gero, ya dawo da dawa a ciki.

Kuma ko takarda ta ci duk jarrabawa a ƙasarsu, in ta ƙetare sai an sake ta daga farko. Da aka kai kalmomin McGill ƙasar Finland a 1981, an tarar gidan kalmomin da ke kwatanta ciwo da horo ko azabtarwa bai zauna a harshensu ba. Takardar Jamus ɗin nan kuma akwai inda ta ce ki ƙaddara kin cusa hannu cikin dusar ƙanƙara, da inda ta ce kin faɗo daga keke kin goge gwiwa. Haba! A tambayi Iya a Ɗanbatta ko Tasawa dusar ƙanƙara, ai sai dai ta ba da lamba don kada ta ba mai tambaya kunya. Shi ya sa ƙa'idar fassara take da tsauri. Mutum biyu su fassara kowa daban, a haɗa, a ba wasu da ba su ga ta asali ba su mayar da ita harshen farko, a kwatanta, sannan a karanta wa majinyata a tambaye su me suka fahimta. Sai bayan nan a shiga gwajin sake tambaya.

An yi irin wannan aiki da Hausa. Tsakanin 2019 da 2021 masanan gashin ƙashi, yawancinsu daga Jami'ar Bayero ta Kano, sun fassara tare da gwada takardu da dama a kan masu ciwon baya na birni da na ƙauye. A ciki akwai ma'aunin lamba daga sifiri zuwa 10, da takardar Oswestry, wadda aka fara bugawa a Ingila a 1980, mai tambayar abin da ciwon baya ya hana mutum: zama, tsayuwa, tafiya, ɗaukar kaya, barci. Wanda bai iya karatu ba karanta masa ake yi.

Lamba kaɗai kuma, in aka bi ta ido rufe, tana da nata haɗarin. Daga 1995 aka yi ta kamfe a Amurka cewa a riƙa tambayar kowane majinyaci lambar ciwonsa kamar yadda ake auna zafin jiki. Niyyar mai kyau ce. Amma abin ya haɗu da tallar kamfanonin magani, asibitoci suka shiga rige-rigen sauko da lamba ta hanyar rubuta ƙwayoyi masu sa maye. Mutane da yawa suka kamu, wasu suka zarce zuwa abin da ya fi ƙwayar muni. A 2017 kaɗai sama da mutum 47,000 suka mutu a ƙasar ta dalilin wannan dangin magunguna, kuma tun 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta janye goyon bayanta ga wancan tsari. Mu ma mun ga namu, mun san abin da kodin da taramol suka yi a cikin gidaje, har gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Ciwo mai daɗewa ba kasafai ƙwaya kaɗai ke raba mutum da shi ba. Motsa jiki, gashi, gyaran barci da rage damuwa duk suna cikin magani, kuma likita ba zai san wanne ya dace ba sai ya ji fiye da lamba.

A ɗaya gefen kuma akwai inda ake faɗin lambar a ƙi ji. A wani bincike da aka buga a 2008 daga wani asibiti a birnin Philadelphia, an duba mutane 981 da suka zo ɗakin gaggawa da ciwon ciki. Maza da mata lambar da suka faɗa kusan ɗaya ce. Amma mata sai da suka jira kimanin minti 65 kafin a ba su maganin ciwo, maza minti 49, kuma kason matan da aka ba maganin bai kai kason maza ba. Wannan fa a inda mace ke bayani da bakinta ke nan.

To ina ga wadda aka rako asibiti, likita ya yi tambaya, maigida ko uwar miji ta amsa mata? Ko kuma ita da kanta, da an ce "yaya jiki?" sai ta ce "da sauƙi"? Amsar nan tarbiyya ce mai kyau, da ita muke karɓar 'yan dubiya, ko mutum na gargara haka zai ce. Amma amsar gaisuwa ce. Likita in ya tambaya awo yake yi, kuma in ya rubuta "da sauƙi" a kati, maganin mai sauƙi zai rubuta. Ki gaisa da shi yadda aka saba, sannan ki sa hannu ki nuna wurin. Ki faɗi tun yaushe, da azumin bara ne ko tun haihuwar wane. Ki faɗi kalmarsa, zogi ne ko suka ko ƙuna ko sagewa. Ki ba shi lamba cikin goma, ta yau da ta ranar da ya fi tsanani. Sannan ki faɗi abin da ya hana ki, ko daka ne, ko goyo, ko tsugunno, ko sai a zaune kike salla yanzu. In akwai abin da ba za ki iya faɗa a gaban wanda ya rako ki ba, ki nemi a bar ki da nas mace, wannan ba rashin kunya ba ne, kuma ma'aikatan sun saba.

Wata rana kuma kina iya zuwa asibitin koyarwa wata ɗaliba ta nemi izininki, ta zauna ta karanta miki tambayoyi, bayan mako guda ta sake karanta miki su ɗin dai, ba ragi ba ƙari. Kina da damar ki ce a'a, kuma ba zai taɓa maganinki ba. In kin yarda kuwa, kada ki ɗauka ta manta ne, ko ba ta gaskata ki ba. Takardar ake jarrabawa, ba ke ba. Kada ki wahalar da kanki wajen tuno abin da kika ce wancan makon, ki faɗi yadda jikin yake a ranar. In wata tambaya ba ta shige ki ba, ko ta yi maganar abin da babu shi a garinku, ki gaya mata haka, za ta rubuta, don da irin wannan ake gyara takardar kafin a kai ta sauran asibitoci.